Kafin a Sa Hannu: Gargaɗi ga Masu Ajiya a Banki da Masu Biyan Haraji

Jama'a, a saurara da kyau, kuma wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba. Duk ranar da kuka ji a labaran safe cewa fadar shugaban ƙasa ta aika wa Majalisar Tarayya ƙudirin gaggawa don ceto bankuna ko wasu manyan kamfanoni da suka durƙushe, ku sani kwanakin maganarku ƙidayayyu ne. Mako guda ne, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Da zarar an sa hannu, bashin ya hau wuyan kowa: mai asusun albashi, da mai shago a Kantin Kwari, da manomin da bai taɓa taka ƙofar banki ba amma yana sayen taki da fetur. Duk ihun da za a yi daga nan, ihu ne bayan hari.

Ba na nuna wani banki da yatsa, kuma kada wani ya yanki maganata ya yaɗa cewa an ce ga wanda zai faɗi. Dalilin ɗaga muryata a fili yake. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari: naira biliyan 500 ga masu hulɗa har ƙasashen waje, biliyan 200 ga masu aiki a faɗin ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, ya kuma sa wa'adin 31 ga Maris 2026. Ranar 3 ga Yuni 2024 ya soke lasisin Heritage Bank. Irin wannan tankaɗe da rairaya ba ya wucewa ba tare da wasu sun haɗe, an saye wasu, wasu kuma sun miƙa hannu a tallafe su ba. Ga tsohon bashin ceton da aka fara tun 2009, har yau ba mu gama biya ba. Wanda kuma yake ganin Majalisarmu ba ta iya sauri, ya tuna da dokar sauya taken ƙasa: ranar 23 ga Mayu 2024 aka gabatar da ita, ranar 29 ga wata shugaban ƙasa ya sa mata hannu. Majalisar da ta iya wannan za ta iya zartar da bashin tiriliyoyi kafin ka dawo daga cin kasuwar ƙauye.

Domin ku ga yadda abin yake tafiya idan ya zo, ku dubi Amurka a 2008, inda aka yi shi a idon duniya.

Bankunan can sun shafe shekaru suna ba da bashin sayen gida ga mutanen da ba su da ƙarfin biya, sannan su dunƙule basussukan su mayar da su takardun jari su sayar wa juna. Da farashin gidaje ya karye, takardun suka zama wofi. Ranar 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya faɗi. Washegari Babban Bankin Amurka ya ba kamfanin inshora na AIG rancen dala biliyan 85 don kada ya bi sahu. Kafin mako ya zagayo, sakataren baitulmali Henry Paulson ya kai wa majalisa buƙatarsa: a ba shi dala biliyan 700 ya saye ruɓaɓɓun takardun nan daga hannun bankuna. Takardar da ya kawo shafi uku ce kacal. Shafi uku, a kan kuɗin da ya fi abin da ƙasashe da dama ke samarwa a shekara. A cikinta kuma akwai sashe na 8, wanda ya tanadi cewa duk shawarar da sakataren ya yanke, ba kotun da za ta duba ta, ba hukumar da za ta tuhume shi. Wannan sakatare, kafin ya shiga gwamnati, shi ne shugaban bankin Goldman Sachs.

Amurkawa suka fusata. Wayoyin ofisoshin 'yan majalisa ba su huta ba dare da rana, wasiƙun intanet suka yi yawan da shafin Majalisar Wakilai ya riƙa ɗaukewa, kuma mafi yawan masu kiran kalma ɗaya suke faɗa: a'a. Malaman tattalin arziki fiye da ɗari suka rattaba hannu a wasiƙa suna cewa kada a yi gaggawa. Zaɓe kuma saura mako biyar, kowane ɗan Majalisar Wakilai kujerarsa na rawa. Shugaba George Bush ya fito a talabijin yana roƙo, shugabannin jam'iyyun biyu suka haɗa baki suna goyon baya, amma ranar 29 ga Satumba majalisar ta yi watsi da ƙudirin, ƙuri'a 228 da 205. A ranar ma'aunin kasuwar hannun jari na Dow Jones ya rikito da maki 777, faɗuwar da ba a taɓa ganin irinta ba a lissafin maki zuwa wannan lokaci. Masu kuɗin fansho suka duba asusunsu suka ga ya zaizaye a wuni ɗaya. Sautin wayoyin ya fara sauyawa, tsoro ya danne fushi.

Ku lura da abin da ya biyo baya, don nan ne darasin yake. Ranar 1 ga Oktoba Majalisar Dattawa ta amince da sabon ƙudiri, 74 da 25. Shafi uku ya kumbura ya haura shafi 400. An cusa masa sassaucin haraji iri-iri don jawo hankalin waɗanda suka ƙi, har da na masu ƙera kibiyar katako ta wasan yara, da na masu filayen tseren mota. Ranar 3 ga Oktoba Majalisar Wakilan da ta ce a'a ta dawo ta ce e, 263 da 171, Bush ya sa hannu a ranar. Tsakanin ƙi da yarda kwana huɗu ne.

Ba zan ce fushin mutane ya tashi a banza ba. Shi ya kashe waccan kariya ta sashe na 8. Shi ya sa aka raba kuɗin kashi-kashi maimakon a miƙa shi gaba ɗaya, aka kafa kwamitin sa ido ƙarƙashin Elizabeth Warren, aka naɗa babban mai bincike na musamman, Neil Barofsky, aka kuma ɗaga inshorar ajiyar mutum daga dala 100,000 zuwa 250,000. Duk abin da jama'a suka kama da hannu suka ce wannan layin ba mu yarda da shi ba, an gyara shi. Abin da suka bari a dunƙule cikin ihu, shi ya cuce su.

Dokar ba ta tilasta wa bankuna su ci gaba da ba ƙananan 'yan kasuwa rance ba. Takunkumin da ta sa wa albashin manya sako-sako ne. Maganar taimakon masu gidajen da ake shirin ƙwacewa kuwa an rubuta ta cikin lafazi mai laushi, ba adadi, ba wa'adi. Kwana goma bayan sa hannu, ranar 13 ga Oktoba, Paulson ya tara shugabannin manyan bankuna tara a ɗaki guda, aka ajiye wa kowa takarda, suka sa hannu kafin su watse, aka raba musu dala biliyan 125 a matsayin jari. Saye ruɓaɓɓun takardun da aka karɓi kuɗin dominsa, an jingine shi. A watan Maris na 2009 labari ya fito cewa AIG, wanda tallafin da aka ware masa ya kai kusan dala biliyan 180, ya raba wa ma'aikatan sashen da ya jawo masifar tukuicin dala miliyan 165. Mutane suka sake tashi, amma kwangila ce, an riga an ƙulla, doka ba ta hana ba. Rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009. Miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, shirin da gwamnatin Obama ta yi alkawarin zai ceci masu gida miliyan uku zuwa huɗu bai kusanci wannan adadi ba. Manyan bankunan sun mayar da kuɗin da suka karɓa har da riba, wannan gaskiya ne kuma dole a faɗe ta. Amma ba shugaban wani babban banki da ya kwana a kurkuku, wanda ya rasa gida kuma ya rasa ke nan. Fushin ya ci gaba da ruruwa, ya haifi ƙungiyar Tea Party a 2009, ya haifi zaman dirshan na Occupy Wall Street a Satumban 2011, ya hargitsa siyasar ƙasar har yau. Kuɗin dai tuni sun fita.

Ƙasashe biyu ƙanana sun nuna ƙarshen hanyoyi biyu, ta shiru da ta karanta doka. A Ailan, cikin dare ɗaya, daren 29 zuwa 30 ga Satumba 2008, gwamnati ta ɗauki lamunin bashin manyan bankunanta gaba ɗaya, majalisa ta amince cikin 'yan kwanaki, jama'a ba su ma gane abin da aka ɗora musu ba. Ceton ya ci kimanin yuro biliyan 64 a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyar ba, kuma a Nuwamban 2010 ita kanta gwamnatin sai da ta nemi ceto daga Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A Aislan kuwa, manyan bankuna uku suka faɗi a mako guda cikin Oktoban 2008. Mutane suka riƙa taruwa a gaban majalisa suna kaɗa tukwane da murafu har gwamnatin Geir Haarde ta sauka a Janairun 2009. Da aka kawo dokar da za ta ɗora wa masu biyan haraji bashin da wani banki mai zaman kansa ya ci a Ingila da Holan, ba su tsaya ga ihu ba. Sun karanta dokar, sun tattara sa hannun kusan rubu'in masu zaɓe, shugaban ƙasa Ólafur Ragnar Grímsson ya ƙi sa hannu, aka kai maganar ƙuri'ar raba-gardama ranar 6 ga Maris 2010, kashi 93 cikin ɗari suka ƙi. Daga baya dukiyar bankin da ya faɗi aka sayar aka biya, wasu daga cikin shugabannin bankunan kuma suka shiga gidan yari. Aislan ta sha wuya ƙwarai, kuɗinta ya karye, amma mutanenta sun san sashen da suke yaƙa da sunansa.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma an yi mana, kuma da yawa ba su san an yi ba.

Wanda ya girma ya tuna da shekarun 2006 da 2007, lokacin da ma'aikatan banki ke bin kasuwa shago-shago da fom a hannu, suna cewa Alhaji sayi hannun jari, har rancen sayen ma za mu ba ka. Malaman makaranta da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka zuba abin da suka tara. Daga Maris na 2008 kasuwar ta fara gangara, cikin shekara guda ta rasa fiye da rabin darajarta. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen shekara, masu shigo da fetur da suka ciwo bashin biliyoyi suka kasa biya. Ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba naira biliyan 420. A Oktoba aka ƙara biliyan 200 ga wasu bankunan, jimla biliyan 620. An wallafa sunayen manyan masu bashi a jaridu, abin da ya girgiza ƙasar. A ra'ayina matakin ya zama dole, kuma ya yi abin da aka yi shi dominsa na farko: masu ajiya a waɗannan bankuna ba su rasa kuɗinsu ba. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, an yanke mata wata shida a 2010, ta kuma sallama kadarorin da aka ƙiyasta sun kai kimanin naira biliyan 190.

Sai aka zo ga doka. A watan Yuli na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar kafa hukumar AMCON, wadda aikinta shi ne ta saye basussukan da suka ƙi biyuwa daga bankuna, ita ta bi masu bashin. Ta sayi basussuka fiye da 12,000 daga bankuna 22, darajarsu a takarda kimanin naira tiriliyan 3.7, ta kuma zuba kimanin tiriliyan 2.2 don cike ramin bankuna goma. Ku tambayi kanku, ku da kuka kai shekarun zaɓe a lokacin: wa ya kira ɗan majalisarsa a kan wannan doka? A wane masallaci, a wace majalisar dare, a wane zauren ƙungiyar 'yan kasuwa aka zauna aka karanta ta? Amurkawa sun yi fushi na 'yan kwanaki suka sami rabin abin da suke so. Mu shiru muka yi, muka ɗauka maganar manyan Legas ce.

Ga abin da shirun ya haifa. An yi ta faɗa cewa aikin na shekara goma ne. Shekara goman ta cika a 2020, hukumar tana nan, an yi wa dokarta kwaskwarima a 2015 da 2019 da 2021. Tsohon shugabanta Ahmed Kuru ya sha bayyana cewa masu bashi 350 ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na bashin da ya kai naira tiriliyan 5. Mutum 350, a ƙasar da ta haura miliyan 200. Da yawansu suna nan suna jan shari'a daga wannan kotu zuwa waccan, shekara da shekaru. A 2011 an karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank aka sauya musu suna, ƙaramin mai hannun jarin da ya sayi nasa da kuɗin sallama daga aiki ya tashi da takarda a hannu, ba ko sisi. A Satumban 2018 aka soke lasisin Skye Bank, aka zuba naira biliyan 786 a cikin Polaris da ya gaje shi, sannan a 2022 aka sayar da shi a kan biliyan 50 a hannu, sauran fiye da tiriliyan ɗaya aka ce a biya cikin shekara 25. Don rage wannan rami, bankuna na biyan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar kadarorinsu duk shekara. Banki ba ya ciro wannan daga aljihun daraktocinsa. Yana cikin 'yan cire-ciren da alat ke shigo maka da su tsakar dare, yana cikin kuɗin ruwan da ya hana mai injin niƙa karɓar rance. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, idan ranar ta zo, kada ku ɓata kwanakin a kan ko a yi ceto ko kada a yi. Wannan muhawara masu ƙudirin sun fi ku ƙarfi a cikinta, domin za su nuna muku albashin da zai maƙale da ajiyar da za ta salwanta, kuma wani lokaci gaskiya suke faɗa. Banki babba in ya faɗi ba tare da shiri ba, talaka ne farkon wanda ɓaraguzai ke dannewa. Ku ce mun yarda a kashe gobara, amma ga sharuɗɗanmu, kuma a cikin dokar muke son ganinsu, ba a bakin minista ba.

Na farko kuma mafi girma, masu bankin da daraktocinsa su fara rasa nasu kafin a taɓa kobo na jama'a. Daraktan da ya ba kamfaninsa ko na ɗan'uwansa rance ba jingina, a riƙe kadarorinsa tun ranar farko, kafin ya mayar da su sunan matarsa ko ya tsallaka da su Dubai. A wallafa sunan duk mai bashin da za a saye da adadin abin da ya ci, kafin a saya, kuma doka ta hana shi kwangilar gwamnati da muƙami har sai ya biya. Na dage a kan wannan ne saboda na ga yadda jinkiri ke wanke ɓarawo: bashin naira biliyan goma na 2010, in aka ja shi a kotu har darajar naira ta zube, mai bashin ya biya da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙimarsa ta asali ba, ya fito yana cewa ya sauke nauyi. Saboda haka a sa wa'adin shari'a a cikin dokar ita kanta. A rubuta ranar da hukumar ceton za ta rufe, da rana da wata da shekara. A hana rabon riba da tukuicin manya muddin kuɗin jama'a na cikin bankin. A wajabta rahoto a fili duk wata uku. Duk sashen da ya ce kotu ba za ta duba abin da wani jami'i ya yi ba, wannan a soke shi ko da shi kaɗai za a iya sokewa. Kada kuma a manta da ƙaramin mai bashi: in an yafe wa mai jirgin sama rabin bashinsa, mai shinkafar da ambaliya ta cinye gonarsa yana da haƙƙin a sassauta masa, da adadi a rubuce.

Hanyoyin isar da wannan suna nan, ba mu cika amfani da su ba ne. Kowane ƙudiri yana bi ta karatu uku, kuma tsakanin na biyu da na uku ne kwamiti ke zaman jin ra'ayin jama'a. Nan ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwadago da na manoma da lauyoyinmu za su kai takarda a rubuce, sashe-sashe. In aka ce gaggawa ta hana zaman, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙara ɗaga murya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa ikon rubuta wa hukuma ya nemi takardu, kuma kwana bakwai ta ba ta ta amsa. Ɗan majalisarku yana da ofis a mazaɓa, ku je a ƙungiya, ku tambaye shi ko ya karanta, ku nemi ya faɗa a rediyo inda zai jefa ƙuri'arsa. Mun ga wannan ya yi aiki kwanan nan: da aka kawo ƙudirorin gyaran haraji a ƙarshen 2024, gwamnonin Arewa da malamai da masana suka kama sashe guda, na rabon harajin kayan masarufi, suka tsaya a kansa, kuma ba a sa hannu a watan Yuni na 2025 ba sai da aka sauya lissafin. 'Yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo, nauyin fassara ƙudirin zuwa Hausa a daren da ya fito yana kanku.

Ina kuma roƙon iyaye da shugabannin matasa da babbar murya. Kada a bari fushin ya koma ƙone-ƙone. Mun ga abin da ya faru a Kano da wasu garuruwan Arewa a zanga-zangar Agustan 2024: an rasa rayuka, an fasa dukiyar gwamnati da ta 'yan kasuwa, aka kwashe yara ƙanana aka tsare watanni, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali a Abuja saboda galabaita. Babu ɗan mai bashin biliyoyi ko ɗaya a cikinsu. Shagon da aka fasa na maƙwabcinka ne, kuma ranar da aka ƙona taya ita ce ranar da labari ke tashi daga kan sassan doka ya koma kan dokar hana fita.

Haɗari na biyu ya fi wannan saurin zuwa, kuma a aljihunka yake. Saƙon murya zai shigo WhatsApp, wani da ba ka sani ba yana rantsuwa cewa ɗan'uwansa na aiki a banki kaza, a je a kwashe kuɗi kafin Litinin. Kafin azahar ka ga layi ya fito har bakin titi, tsoho da fasbuk a leda, mai POS ya ninka cajinsa, mai gadi ya ja ƙofa rabi. Babu bankin da ke ajiye duk kuɗin masu ajiyarsa a cikin sito, ko mafi lafiya a duniya, domin ya ba da su rance. In kowa ya zo rana ɗaya, lafiyayye ma zai durƙusa. A Amurka masu ajiya sun zare kimanin dala biliyan 16 daga Washington Mutual cikin kwana goma, ranar 25 ga Satumba 2008 hukuma ta karɓe shi. Wanda ya tura irin wannan saƙo ba tare da tabbaci ba ya sa hannu a rushe ajiyar 'yan'uwansa, kuma ya ba masu ƙudirin gaggawa hujjar da suke nema ta cewa ba lokacin karatu.

Abin da za ka yi tun yau, cikin natsuwa, ga shi. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC tun 2024 tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a kowane bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna masu lasisi. In abin da ka tara bai wuce haka ba, ba ka da dalilin gudu. In ya wuce, ka raba shi a bankuna biyu ko uku yanzu da ake zaman lafiya, domin abin da ya haura wannan adadi sai an sayar da kadarorin bankin ake biya, kuma yakan ɗauki shekaru. Ka tabbata lambar BVN ɗinka na haɗe da duk asusunka, sunanka kuma iri ɗaya ne a ko'ina, domin ta wannan lamba aka tura wa yawancin masu ajiyar Heritage kuɗinsu zuwa asusunsu na wasu bankunan. Masu kula da kuɗin masallaci da na marayu da na ƙungiya, ku duba takardun asusun a wannan makon, ku ga sunan wa ke kai. Kada ka kwaso kuɗi ka kai gida a zamanin da masu garkuwa ke da 'yan leƙen asiri a kowace unguwa. Kada kuma tsoron banki ya tura ka hannun masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu a wata. MMM ta tafi da na mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025, kuma ba inshorar da ta rufe ko ɗaya. Duk wanda ya kira ka ya ce daga NDIC yake ko daga Babban Banki, zai taimake ka ka karɓi kuɗinka, sannan ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka a waya, ɓarawo ne. Ka kashe wayar, ka je reshen bankinka da ƙafarka, ka kuma gaya wa tsofaffin gidanku da matan da ba sa karatu, domin su ake fara kira.